Man da Na Zuba wa Birki

Na yi shekara biyu da wani abu ina cewa zan rubuta wannan magana, ban rubuta ba. Sau uku ina sayen littafin rubutu dominta, sau uku 'ya'yana suna cinye shi da aikin makaranta ina kallo. Ban hana su ba, don a raina daɗi nake ji an ɗage mini. Idan na zauna sai in ce wa zai karanta rubutun mutumin da iyakar karatunsa firamare. Idan na wuce wannan sai in ce tona asirin kai ba kyau tunda Allah Ya rufa. Idan na wuce wannan kuma sai in ce ko dai yabo nake nema, a ce wane mai tsoron Allah ne. Matata ce ta gaji, ta ce ko in rubuta ko in daina cika mata ɗaki da ajiyar zuciya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don ban nemi izinin kowa ba.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne. Wani ɗan kasuwa ya zo da ni Alƙahira ina yi masa girki, da ya koma gida ni na tsaya. A Hayyin Ashir nake zaune, hawa na huɗu, da mata da 'ya'ya biyu, aikin gida kuma nake yi a Ma'adi: shara, guga, ban ruwan shuke-shuke, wankin mota. Gara in faɗi halina tun yanzu. Ni ne mai kulle ƙofa ya sauko har ƙasa, ya sake hawa ya duba ko ya kashe gas. Nakan sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Kowa a gidanmu ya san ni da wannan, har ana yi mini dariya. Na faɗa ne don a san abin da ya faru bai zo ta hanyar sakaci ba. Ta hanyar kulawa ya zo, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Maigidan da na yi wa aiki kafin na yanzu Bature ne, injiniya, ba shi da iyali a nan, ba shi kuma da abin so kamar kekensa. Ba irin keken da muka sani ba ne. Tayoyinsa sun kai kaurin damtsena, da haƙora kamar na tarakta, kuma babu tif a ciki, wani farin ruwa ake ɗurawa mai toshe huji da kansa. Yana da shokozoba gaba da baya, na gaban idan ka danna yana nutsewa kusan taƙi guda. Sirdin yana sauka yana hawa idan ka taɓa wani ɗan ƙarfe da babban yatsa. Birkinsa ba roba ce mai kama bakin wili ba, faifan ƙarfe ne a tsakiyar kowane wili, 'yan takalma biyu suna matse shi. Masu hawa suna kiran irinsa enduro. An ƙera shi don gangarowa daga kan dutse, ba don zuwa cefane ba. Kowace Juma'a maigidan yakan tafi da shi Wadi Digla, wani kwarin duwatsu da ke bayan Ma'adi, ya dawo shi da keken duk sun yi fari fat da ƙura. Ni nake wankewa da ruwa da soso. Sa mai da taɓa kusoshi kuwa shi yake yi da kansa, ya rufe gareji.

Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya ce yana da wani a can, wannan ya bar mini. Na ƙi, ya nace, na sake ƙi, ya ce to zai bar shi a bakin titi. Ranar tafiya, akwatuna a ko'ina, ya kira ni gareji ya yi mini bayani da Turanci da sauri, yana nuna nan yana nuna can, wani wurin yana kaɗa yatsa. Ni kuwa sai to nake cewa. Duk wanda ya yi aikin gida ya san wannan to ɗin. Ba ka cewa maigida ya maimaita, balle ranar da ya yi maka kyauta. Ban fahimci ko rabin abin da ya ce ba. Abu ɗaya na roƙa, ya rubuta mini takarda cewa shi ya ba ni, don ina tsoron a tare ni a hanya a ce ina na samo. Ya yi dariya ya rubuta, ya haɗa mini da hular kwano da famfo da 'yar kwalbar mai.

Da na haye da shi hawa huɗu a kafaɗa, matata ta dube shi a tsakiyar falo ta tambaya ko baƙon shi ma za a zuba masa tuwo. Wata uku ban hau ba, sai gogewa. Akwai wani ɗalibi ɗan Kano a hawa na biyu mai karatun fiƙihu, na tambaye shi ko ba almubazzaranci ba ne mutum irina ya ajiye abu mai tsada haka don wasa kawai. Ya ce kyauta halal ce, motsa jiki kuma abin so ne. Na sake tambayarsa ta wata fuskar, na kuma sake, har ya fara saurin shigewa ɗaki idan ya ji takuna a matakala.

Daga baya na fara fita. Ranar Juma'a bayan sallar asuba titunan Alƙahira fayau suke, sai in tuƙa shi awa ɗaya da rabi har bakin kwarin. A kan kwalta nauyi gare shi, tayoyin suna ta gurnani. Amma da ka shiga cikin duwatsu sai ya zama wani abu dabam. Na faɗi sau da yawa da farko. Wasu Misirawa masu hawa suka ga wahalata suka koya mini: ka sauke sirdi, ka tsaya a kan feda, ka mayar da jiki baya, yatsa ɗaya a kan birki, ka dubi inda kake son zuwa, kada ka dubi dutsen da kake tsoro. Ranar da na fara gangarowa daidai, ina ganin dutse kamar tukunya a gabana, keken ya haɗiye shi ban ji komai ba sai ɗan numfashin shokozoba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A duk rayuwata, a wannan gangaren ne kawai kaina yake yin shiru. Ba gas, ba ƙofa, ba ko na yi wa wane magana da kaushi. Minti biyu ko uku ne, amma ina jiransu tun daga Asabar.

Yanzu sai maganar mutumin da na rubuta wannan dominsa. Tela ne, shagonsa a ƙasan gidan da ke fuskantar namu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tsaya a can a hanyar Makka. Ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa, shi kuma Bakatsine yake ce mini, ko ya ce ya zol irin na mutanensu. Mutum ne mai barkwanci. Idan na fito da keken a kafaɗa sai ya leƙo ya ce yau kuma doki ne ya hau mai shi. Yakan ce wa masu zama a bencinsa wai na fi wanke keken a kan yadda nake wanke 'ya'yana. Amma shi ne ya ɗinka wa keken riga da ragowar yadin labule, bai karɓi komai ba, ya ce kada ƙura ta kama ango. Almakashinsa shi ne abin alfaharinsa. Ya dubi mutum sau ɗaya ya yanka masa jallabiya ba tare da awo ba, ta zauna kamar a jikinsa aka zana ta.

Ya daɗe yana roƙona in ba shi ya ɗana a kwarin. Ya ce yana saurayi buhun dawa biyu yake ɗaurawa a keke ya ratsa gonaki, wannan mai katifa gaba da baya me zai gagare shi. Sau uku ina sa masa rana ina janyewa. Na farko na ce taya ta sace, na biyu na ce akwai iska, na uku ban ma tuna me na ce ba. A na ukun bai yi wasa ba, ya ce idan ba na so a taɓa mini in faɗa kawai, ba zai ji haushi ba. Kunya ta kama ni. Na ce Juma'a mai zuwa in Allah Ya so, ba fashi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shimfiɗa buhu a baranda na wanke keken sosai, don baƙo zai hau. A makonnin nan birkin ya fara ƙara, wani ƙiii mai shiga haƙori, idan ka matse shi kowa a kwarin sai ya waiwayo. Na ce ba zan ba Yaya keke mai kuka ba, ya samu abin tsokanata na shekara. Mahaifina yana da baƙin keke irin na da, ni nake kula masa da shi tun ina aji uku, kuma abin da ya koya mini shi ne duk inda ƙarfe ya yi ƙara to mai yake so. Haka muka taso, haka kowa a garinmu yake yi wa keke da ƙofa da injin niƙa. Na ɗauko 'yar kwalbar da Baturen ya bar mini, na ɗiga a sarƙa, sannan na ɗiga a faifan gaba da na baya, na juya wili, na matse birki don man ya ratsa. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Na ji daɗi har na kira matata ta zo ta ji yadda ya yi shiru.

Da a nan laifina ya tsaya, da na ce jahilci ne, na nemi gafara na huta. Amma da safe a hanya na sani. Tun a mararrabar farko na matse birki na ji keken bai tsaya yadda ya saba ba. Da yatsa ɗaya nake tsayar da shi a da, ranar sai da na sa uku na matse da ƙarfi, yana ta sulalewa kafin ya tsaya. Titi shimfiɗe yake kuma ba motoci, don haka ban sha wahala ba. Awa ɗaya da rabi ina tafe ina gardama da kaina. Na ce man zai bushe kafin mu isa. Na ce ƙura za ta shanye shi. Na ce ai a fili kawai zai zagaya. Da na iso na tarar da shi a bakin ƙofar kwarin, ya riga ni, ya hawo mikrobas biyu, ƙananan motocin haya na nan, ya sa wandon motsa jiki da ya aro, ya riƙo mana shayi a fulas da biredi. Yana ganina ya buɗe baki yana dariya ya ce yau dai Bakatsine ya cika alkawari, a rubuta a ajiye. Na buɗe baki in ce a bari sai wani makon. Na tuna zai zama karo na huɗu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, ka bi a hankali."

Na ɗaura masa hular kwano, na nuna masa yadda ake sauke sirdi. Ya zagaya a filin kwarin, yana bi ta kan ƙananan duwatsu da gangan yana mamaki, yana cewa wannan ai gado ne aka sa wa taya. Gemunsa mai furfura yana leƙowa ta ƙarƙashin igiyar hular. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Sai ya nuna wata 'yar hanya da ta gangaro daga gefen tudu, ba ma babba ba ce, wadda ni nake bi don ɗumama jiki. Ya ce wannan zai gwada sau ɗaya mu sha shayi. Ya tura keken ya hau tudun. Ina tsaye a ƙasa riƙe da fulas. Ina da lokacin da zan kira shi, ya kai minti biyar yana hawa. Ban kira ba.

Ya taho da kyau da farko. A tsakiyar gangaren akwai kwana, dole a rage gudu kafin a kai ta. Na ga hannayensa sun matse, na ga keken bai rage komai ba, kuma babu ƙara ko kaɗan. Ya sauke ƙafa ɗaya yana jan ƙasa. Ya wuce kwanar ya miƙe, tayar gaba ta daki wani dutse da ya fi ƙarfin kowane shokozoba, ya tashi ta saman kan keken ya sauka a kan hannun dama. Hular ta tsage, kansa bai samu komai ba, wannan kam na gode wa Allah. Da na iso yana zaune yana riƙe da hannun, wuyan hannun ya karkace, yatsu biyu sun juya inda yatsu ba sa juyawa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Wasu masu hawa suka zo, ɗaya ya ɗauko motarsa muka kai shi asibiti.

Sai bayan la'asar aka bar ni na shiga wurinsa. An ɗaure hannun har gwiwa, an ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Na zauna a bakin gadon, na shirya maganata tun a waje. Kafin in fara ya kama hannuna da na hagunsa.

"Ƙanena, ka yafe mini. Ka ba ni amanar dokinka na karya masa ƙafa. Ka ce in bi a hankali, ban ji ba."

Na dube shi. Idonsa ya yi ja saboda allurar da aka yi masa, kuma da gaske yake.

"Ba komai, Yaya," na ce. "Na yafe."

Wannan kalma ita ce nake ɗauke da ita har yau. Mutum yana kwance da hannun sana'arsa a karye ta dalilina, ya nemi yafiyata, ni kuma na ba shi kamar ina da abin bayarwa.

Bayan mako biyu na kai keken wurin wani usta a Ma'adi mai gyaran irin waɗannan, don wilin gaba ya lanƙwashe. A raina ina fatan ya ce wani abu ne ya tsinke a ciki, abin da ba ruwan kowa. Ya juya wilin baya, ya matse birki, ya shafa faifan da yatsa ya duba, ya zaro 'yan takalman ya shinshina.

"Wa ya sa wa wannan mai, ya basha?" ya ce, da kiran girmamawa irin na Misirawa.

Na ce aro na bayar. Ban yi ƙarya a lafazi ba, aron na bayar, amma na san inda maganar za ta faɗa. Usta ya girgiza kai ya ce to wanda ya ara ɗin ya nemi kashe kansa. Ya ce irin wannan birki ko yatsa mai maiƙo ba a so ya taɓa faifansa, takalman suna shan mai kamar soso, idan sun sha kuma khalas, shi ke nan, sai dai a zubar. Ya ce ƙarar da mutane suke ƙi, sau da yawa ƙura ce kawai. Ya nuna faifan yana kaɗa yatsa, daidai yadda Baturen ya yi a gareji, a daidai wurin. Sai a lokacin na san abin da aka gaya mini na ce to.

Hannun Yaya ya warke amma bai dawo ba. Wuyan hannun ya ƙage, yatsu biyun ba sa rufuwa. Tura yadi a ƙarƙashin allura yana iyawa da dabara, almakashi ne ya gagara. Ya gwada da hagu ya ɓata wa wata mata yadin biki, ya biya ta da haƙuri da wani yadin. Daga nan ya koma karɓar gyare-gyare, rage tsawon wando, canza zif, faci. Masu kawo ɗinkin Sallah suka koma wani wuri ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, kowa da ma'alish ɗinsa, ban haƙuri irin na nan. Azumin shekarar ne na fara ganin ya rufe shago kafin magariba a goman ƙarshe, lokacin da tela ba ya samun sararin ɗaga kai. 'Yan bencinsa suka sa masa suna direban dutse. Yana taya su dariya, yana ba da labarin yadda ya tashi sama ya ga Ma'adi gaba ɗaya kafin ya sauko. Duk lokacin da ya ba da labarin sai ya ƙara da cewa Bakatsine ya gargaɗe shi, shi ne ya yi taurin kai.

Ina zuwa gidansa kowane mako da lemo ko ayaba. Matarsa takan yi masa faɗa a gabana, ta ce ta hana shi zuwa ya ƙi, mutum da furfura ya tafi wasan yara ya jawo musu. Sannan ta juyo ta yi mini godiya, ta ce na fi 'yan'uwa na jini. Kowace ziyara da maganata nake hawa matakalarsu, da ita nake saukowa. Sau ɗaya na kusa. Yana zaune yana matsa wata 'yar ƙwallon roba da likita ya ba shi, na ce, "Yaya, birkin nan na ranar..." Ya katse ni.

"Khalas, ya zol, bar maganar birki. Ni ne na rikice, na matse ban san me na matse ba. Tsufa ne, ba a gaya maka ranar da ya zo."

Matarsa ta shigo da shayi. Na karɓa na sha. Da na ƙara kalma huɗu a lokacin da an wuce wurin. Abin da na ji tsoro ba dukansa ba ne ko zaginsa, ba mai yin haka ba ne. Na ji tsoron fuskarsa ta canza, ya tuna ya nemi yafiyata a asibiti na amsa. Kullum da na ƙara kwana ban faɗa ba, abin da zan faɗa yana ƙara muni, don yanzu ba man kaɗai ba ne, har da duk lemon da na kai da duk godiyar da na karɓa.

Na je wurin ɗalibin nan ɗan Kano na ce wani mutum ne ya yi kaza da kaza. Wannan karon bai yi saurin shigewa ba. Ya ce zuba man kuskure ne, amma shirun ba kuskure ba ne. Ya ce haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya ɗauke shi, sai mai haƙƙin ya san abin da aka yi masa ya yafe da bakinsa. Ya dube ni ya ce in gaya wa mutumin nan kada ya jinkirta. Na tabbata ya gane ko wane ne.

Na yanke a raina zan faɗa. Sai masu gidan da nake wa aiki yanzu suka tafi hutun zafi bakin teku suka tafi da ni, mako shida. Na ce da na dawo, ranar da na dawo, kafin ma in hau gida. Na kwashe makonnin ina maimaita maganar ina guga. Da na sauka daga mikrobas na nufi shagon da jakata a hannu, na tarar an yi masa sabon fenti, wani yana sayar da caja da murfin waya. Mai gadin gidansu ya ce sun kwashe kaya mako uku da suka wuce, Yaya ya sayar da keken ɗinkinsa da teburin yanka. Matata ta ce ya zo sallama bai same ni ba, ya ce a gaishe da Bakatsine, a ce masa ya riƙa bi a hankali. Na kira lambarsa, a kashe. Har yau a kashe take.

Na nema. Na je kasuwar Ataba wurin masu zare da maɓalli inda yake sari, na bi su shago shago. Ɗaya ya ce ya ji ya tafi Aswan wurin ɗan'uwan matarsa. Wani ya ce a'a, Sudan ya koma. A masallacin da yake salla wani dattijo ya ce Libiya ya nufa, wani kuma ya ce ya gan shi a nan cikin Alƙahira, can wata unguwa a ƙetaren kogi, yana tsaron shagon wani. Na je unguwar Juma'a biyu ina leƙa shaguna, ban gan shi ba. 'Yan bencin suka ce tun da hannun ya lalace ya rage faɗin abin da ke ransa, barkwancin kawai ya bari a waje.

Akwai abin da ya rage in faɗa, kuma shi ne nake jin kunyarsa fiye da sauran. Har yanzu ina hawan keken. Na daina wata shida, na rufe shi a baranda, na yi niyyar rabuwa da shi, har wani ya zo dubawa na ce masa na fasa. Matata, wadda na gaya wa komai bayan tafiyar Yaya, ta ce ajiye keken bai mayar wa kowa da hannu ba, kuma tun da na daina fita na zama abin tsoro a gidan, yara ba sa iya ajiye cokali ban yi magana ba. Na koma. Usta ya sa sababbin takalma da faifai, birkin yana kamawa da yatsa ɗaya, wani lokaci yana ƙara ina barinsa. Idan na zo 'yar hanyar nan ta gefen tudu sauka nake yi in tura. Amma a sauran gangaren kaina yana yin shiru kamar da, ina jin daɗin kamar da, sai na tsaya a ƙasa ina haki sannan abin ya dawo mini, in tuna akwai mutumin da ko maɓallin rigarsa da wahala yake sawa. Ban san ko ya halatta in ji wannan daɗin ba. Ban tambayi ɗalibin ba, ya gama karatu ya koma gida.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, a Masar ko Sudan ko Libiya ko gida. Ina neman labarin wani Bahaushen Sudan da ya yi ɗinki a Hayyin Ashir, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya haura hamsin, da wushirya, da tabon ɗinkin likita a wuyan hannun dama, ɗan yatsansa na tsakiya da na kusa da shi ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake miƙa kofi, yana ba da haƙuri kafin ya miƙa. Wanda ya san garin da yake, ko ya san wani nasa, ko ya ji labarin rasuwarsa idan ta Allah ta kasance, don Allah ya aiko da saƙo ta hannun duk wani mai zuwa Hayyin Ashir, a ce a ba mai keken dutse, Hausawan unguwar sun san ni. Idan kuma kuna tare da shi kuma ba ya son a san inda yake, ba zan matsa ba. Ku dai karanta masa wannan tun daga farko, ku gaya masa bai rikice ba, ya matse birkin daidai, ba tsufa ba ne. Sannan ku sanar da ni abin da ya ce, ko mene ne.